Waya biyu, hanya ɗaya: yadda ake tsara rezo da ba ya faɗuwa

A watan Nuwamba na 2002, babban asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston a Amurka ya koma aiki da takarda da biro na kusan kwana huɗu. Kwamfutocin lafiyarsu lau, wuta ma ba ta ɗauke ba. Rezon cikin gida ne ya cushe, aka koma kai sakamakon gwajin jini daga hawa zuwa hawa a hannu.

Duk matashin da ya taɓa ja wa wani banki ko ma'aikata waya ya san akwatin nan mai ramuka jere da ake kira suwic, wanda ke haɗa kwamfutoci da juna. In akwati ɗaya ne a tsakiya, ranar da ya mutu kowa ya tashi aiki. Shi ya sa ake sa biyu a tsakiya, kowane suwic na ofis kuma a ja masa waya biyu, ɗaya zuwa wannan, ɗaya zuwa wancan.

To, a nan gizo ke saƙar. Waya biyu na haifar da zobe, kuma saƙon da suwic ke watsa wa kowa ba shi da wa'adin mutuwa. Sai ya riƙa kewaya yana ninkuwa har layi ya toshe cikin daƙiƙoƙi. Maganin ya fito ne daga wata injiniya, Radia Perlman, a 1985: tsarin Spanning Tree, wanda ke sa akwatunan su zaɓi shugaba, su toshe wayar da ta yi rara, su ajiye ta sai ranar buƙata. Tsohon tsarin na cin daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya buɗe wayar ajiya. Sabon da ya fito a 2001 yakan gama cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Abin da ya kayar da asibitin Boston shi ne rezon ya yi ta girma ba tsari, suwic a bayan suwic, har ya wuce tsalle bakwai da tsarin ya ɗauka a matsayin iyaka.

Akwai wani kuskure da masu koyo ke yawan yi. In ba ka naɗa shugaban da kanka ba, duk akwatunan na zuwa da lamba ɗaya, 32768, sai zaɓe ya faɗa kan mai adireshi mafi ƙanƙanta, wanda sau da yawa shi ne tsoho mafi rauni da aka manta a ƙarƙashin teburin wani. A ganina wannan ne abu na farko da ya kamata a duba kafin a sayi ko da waya ɗaya.

Sannan biyu ba biyu ba ne in makomarsu ɗaya. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku sun katse kusan lokaci guda a gaɓar Kot Dibuwa, ƙasashen Afirka ta Yamma da dama suka shiga matsala. Haka yake a cikin gini: wayoyi biyu a rami ɗaya, diga ɗaya ke tsinke su. Suwic biyu a soket ɗaya kuwa, a garin da ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne, kowanne na buƙatar nasa batirin.

Masu sana'ar kan sa ranar gwaji, da dare ko ƙarshen mako, su zare waya ɗaya da gangan, su riƙe agogo su ga daƙiƙa nawa ta ajiyar za ta ɗauka kafin ta karɓi aiki.