Gyaran Gida: Wanne Za Ka Fara Yi?

Maigida, kaka ta wuce, an auna auduga, kuɗin Sodecoton sun shigo hannu. Ko kuwa gyaɗa ka kai kasuwar Pitowa, ko masara ka sayar a Ngong. Yanzu kana tunanin taɓa gida. Wani zai ce ka yi fenti, wani ya ce ka sa ƙofar ƙarfe mai ado. Kafin ka kira magini, karanta wannan. Ka karanta wa uwargida ma, don ita ta fi kowa sanin inda gidan yake yoyo da inda hayaƙi yake taruwa.

Gida dukiya ne. Ko ba ka da niyyar sayarwa, wata rana za a yi masa kuɗi: ranar rabon gado, ko ranar ba da haya, ko ranar ƙaura. Mai saye mai hankali zai duba gindin bango, ya leƙa salga, ya ɗaga kai ya ga rufi. Mu kuma a asibiti, idan aka kawo yaro da gudawa ko zazzaɓi, sau da yawa daga waɗannan wuraren ne ciwon ya taso. Gyaran da ke ɗaga kuɗin gida, shi ne kuma yake rage maka zuwa wurinmu. Mun ga iyalan da suka sayar da fili cikin gaggawa don biyan magani. A irin wannan ciniki, mai saye ne yake yanka farashin da ya ga dama.

Fara da ruwan sama

A ƙasar Garwa ruwa yana sauka daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta. Manya ba su manta da 2012 ba. A shekarar ruwa ya yi yawa, aka buɗe madatsar Lagdo, Binuwai ta cika ta shiga unguwanni da ƙauyuka, ɗakunan ƙasa suka zube. Bangon ƙasa daga gindi yake mutuwa, inda ruwa yake kwanciya.

Saboda haka ka cike tsakar gida yadda ruwa zai gangara waje. Ka haƙa magudana, ka riƙa share ta. Ka yi wa gindin bango yaɓen siminti har zuwa gwiwa, ka sa bakin rufi ya zarce bango don ruwa ya zuba nesa da shi. In gidanka yana kan baƙar laka irin ta karal, wadda ke dararrabewa da rani, harsashin gini yana bukatar zurfi da dutse. Ka toshe duk tsaga tun tana ƙarama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a kwarin Binuwai kunama da kububuwa ma suna bin wannan hanya. Kwatamin da ya kwana mako guda a bayan ɗaki kuwa, ya isa sauro ya ƙyanƙyashe.

Salga da rijiya

A 2010 amai da gudawa, wato kwalara, ta kama mutum fiye da 10,000 a Kamaru, sama da 600 suka rasu. Ta fi yin ɓarna a arewa, wajen Marwa. Cutar tana bin ruwa da abincin da kashi ya taɓa. Haka ma taifot da tsutsar ciki.

Ka sa mita 30 aƙalla tsakanin salga da rijiya, wato taku 40 na babban mutum. Ka auna har da rijiyar maƙwabci. Salga ta kasance ta wajen gangare, rijiya ta wajen tudu. A kusa da kogi, inda ruwan ƙasa yake tasowa da damina, kada ramin ya kai ruwa. Gara a ɗaga ginin salgar sama da ƙasa. A yi mata daɓen siminti mai sauƙin wankewa, da murfi. In da hali, a sa bututun iska da raga a bakinsa na sama, don wari ya fita, ƙuda kuma ya kasa fita. A ajiye buta da sabulu a ƙofarta.

Rijiya kuma a gina mata baki har ƙugu, a daɓe kewayenta, a rufe ta. Guga guda ɗaya, a rataye shi, kada ya kwana a ƙasa. Bakin nan yana hana ruwan tsakar gida komawa ciki, yana kuma hana yaro faɗawa. Mai neman haya a Yelwa ko Hausare zai tambayi ruwa da bayan gida tun bai ƙirga ɗakuna ba.

Rufi, taga da sauro

Yau da dare ka kunna tocila a cikin ɗaki, ka fita waje ka duba. Za ka ga haske yana fita ta tsakanin kan bango da rufi. Ta nan sauron zazzaɓi ya fi shiga, yana bin ƙanshin numfashin masu barci. A Gambiya an gwada sa wa gidaje raga da toshe wannan kafa. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna sauron da ke shiga ɗaki ya ragu da wajen rabi, ƙarancin jini a jikin yara ma ya ragu.

Toshe kafar ba ya cin kuɗi da yawa, laka ko turmin siminti ya isa. Amma in ka toshe, dole ka buɗe wa iska wata hanya. Ka yi taga biyu masu kallon juna, ka sa musu ragar waya. Ɗakin da ba iska, ga mutane cunkushe, shi ne inda tarin tibi da sanƙarau suke saurin yaɗuwa.

Kwano ya fi ciyawa daɗewa, gobara ba ta kama shi da sauri, mai saye kuma yana ba shi daraja. Aibinsa zafi. A Maris da Afrilu zafin Garwa yakan wuce digiri 40. Ka yi silin a ƙarƙashinsa, ko na katako ko na zana mai kyau, ɗakin zai yi sanyi. Ka duba katakon rufi ko gara ta ci. Duk da wannan gyara, kowa ya ci gaba da kwana cikin gidan sauro, musamman mai ciki da ƙananan yara.

Daɓe, madafa da inuwa

Uwargida, wannan naki ne. Ɗakin da yara suke rarrafe a ciki shi ya kamata a fara daɓewa da siminti. Ƙasa tana riƙe ƙwan tsutsa da ƙazanta, siminti kuwa ana wanke shi. Ba sai an daɓe gidan duka a shekara ɗaya ba.

Madafa ta rabu da ɗakin kwana. A bar mata taga ko kafa a sama don hayaƙi ya fita, don hayaƙin itace yana jawo ciwon ido, da tari, da ciwon haƙarƙari ga jaririn da ke goye. A ɗaga murhu yadda mai rarrafe ba zai kai ga tukunya ba. Awaki da kaji a ware musu nasu wuri, nesa da randa.

Ka dasa darbejiya ko mangwaro ta yamma da ɗaki, inda rana ta fi duka. Ka ba shi tazara daga bango da rijiya saboda saiwa. Dashen ba ya cin komai sai ruwa da kariya daga awaki, amma gida mai inuwa daban yake a idon mai saye.

Takarda

Duk gyaran nan yana tsaye ne a kan fili. Bisa dokar filaye ta 1974, cikakkiyar shaidar mallaka a Kamaru ita ce takardar gwamnati da ake kira titir fonsiye. Takardar jauro ko lawan da sa hannun shaidu tana da amfani, ka adana ta, amma ba ta kai wannan ƙarfi ba. Ka je ofishin su-firefe ko ofishin filaye da kanka, ka tambayi hanyar da ta dace da filinka, ka karɓi rasit na duk abin da ka biya. Fili mai titir a gaban noter ake cinikinsa. Gida mai takarda ya fi tsada, kuma yana kare gwauruwa da marayu daga rigima bayan ranka. In kuwa filin yana inda kogi yake kwana duk shekarar da ruwa ya yi yawa, ka yi shawara kafin ka zuba masa kuɗi masu nauyi.

Bi da bi

Ba wanda zai iya yin duka a kaka ɗaya. Bana ka yi magudana da salga, ka toshe kan bango. Baɗi bakin rijiya, da taga, da daɓen ɗakin yara. Bayan nan kwano da silin. Maganar takarda kuwa ka fara ta tun yanzu, don tana ɗaukar lokaci. Ka yi aikin da rani, kafin ruwan farko. Ka ajiye rasit na siminti da kwano wuri ɗaya, su ne za su yi maka magana ranar ciniki. Fenti da ƙofa mai ado su zo daga ƙarshe.

Gobe da safe ku zagaya gidan kai da uwargida, daga zaure har bayan gida. Ku auna takun da ke tsakanin salga da rijiya. In kuna da tambaya, ku zo da ita ranar awo ko ranar rigakafi, ma'aikatanmu za su zauna da ku.