Ruwa ya kwanta a gonarka: taki na iya taimakon shibka

Ɗan'uwa manomi, kullum roƙonmu Allah ya ba mu ruwa. Amma ka ga abin da ya faru a damanar 2020 da ta 2024. Ruwa ya yi yawa, gulabe suka cika suka tumbatsa. A Gulbin Maraɗi, da Majiya, da fadamun Korama, da bakin kogin Kwara, duk wanda ke noman kwari ya san wannan wahala: ruwa ya kwanta, shibka ta yi ɗorawa, aikin shekara na neman lalacewa.

Me ke kashe shibka cikin ruwa?

Saiwa tana numfashi kamar yadda kake numfashi. Cikin ƙasa akwai ƴan ƙananan ƙofofi masu riƙe iska. In ruwa ya cika su, iska ta fita. Lokacin zafi, kwana ɗaya ko biyu sun isa iskar ta ƙare. Daga nan saiwa ba ta iya shan ruwa, ba ta iya jan abinci. Shi ya sa za ka ga dawa tsaye cikin ruwa, amma ta yi yaushi kamar mai jin ƙishirwa.

Ga kuma hasara ta biyu. Abincin da ke sa ganye ya yi kore, wanda ake kira azot, yana gudu. A jigawa ruwa ke wanke shi zuwa ƙasa can. A laka kuwa ya zama iska ya tashi. Alamarsa ita ce ganyen ƙasa ya fara yin ɗorawa kafin na sama.

Shinkafa ba ta damu ba, don jikinta yana da hanyoyin da ke kai iska daga ganye zuwa saiwa. Dawa ta fi hatsi jurewa. Wake da gujiya kuwa ba su da haƙurin ruwa.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya

Shibkar da ta ƙoshi tun tana ƙarama ita ke daɗewa cikin ruwa. In ya janye, ita ke saurin fid da sababbin saiwoyi.

1. Takin gida. Kashin dabbobi da shara da suka ruɓe sosai suna sa ƙasa ta yi laushi. Gara ta huda ta, ruwa ya samu hanyar nutsewa. Kada ka kai ɗanyen taki inda ruwa ke kwanciya. Wajen ruɓewarsa zai cinye ƴar iskar da ta rage.

2. Fosfor. Shi ke gina saiwa, kuma ƙasarmu tana da ƙarancinsa ƙwarai. Masu binciken noma na INRAN da na ICRISAT da ke Sadore sun nuna dabara mai sauƙi. Ranar shibka, ka sa giram 2 na takin DAP a kowane gurbi, wato abin da yatsu uku suka ɗauka. In 15-15-15 gare ka, sai giram 6, cikin marfin kwalbar lemu guda. Gona mai gurbi 10.000 za ta ci kilo 20 na DAP ko kilo 60 na 15-15-15. Kada takin ya taɓa iri.

3. Potas. Shi ke ƙarfafa kara don kada ya kwanta. Yana cikin 15-15-15, yana cikin tokar murhu. Uwargida ta riƙa tara ta inda ruwa ba ya dukanta.

Bayan ruwa ya janye

Kada ka watsa farin taki, wato ure, cikin ruwan da ke kwance. Saiwa ba ta iya ci, kuɗinka ne ka zubar. Fara buɗe wa ruwa hanya da kalme. Jira har ƙasa ta daina kama ƙafa. Yi noma sama-sama don iska ta shiga. Sannan ka sa ure kaɗan a gefen gindi, ka rufe da ƙasa. Kashi biyu a lokaci dabam-dabam ya fi zubawa gaba ɗaya. Wake da gujiya fosfor suka fi bukata, ba ure ba.

Ka sani, taki ba ya ta da saiwar da ta riga ta ruɓe. Tono gindi guda ka duba. In saiwa fara ce mai ƙarfi, akwai rai, ka sa taki. In ta yi baƙi tana wari, ajiye buhunka.

Baɗi in Allah ya kai mu, ka yi huɗa a kwari, ka shibka bisa kunya. Wurin da ruwa ya saba kwanciya, ka bar wa dawa ko shinkafa. Hatsi da gujiya su hau tudu. Ka karanta wa maƙwabcinka wannan takarda, ku je tare wurin malamin gona kafin ruwan farko.