Matsirgar Yadim: Lissafin da ke gaban masu kai baƙi yawon buɗe ido daga Yola

YOLA — Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 1999 zuwa yau babu wata ranar rantsar da shugaban ƙasa da ta shafi aljihun masu motocin haya kamar ta shekarar 2023, sa'ad da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Cikin 'yan watanni kuɗin lita ya ninka fiye da sau uku, lamarin da ya tilasta wa masu shirya tafiye-tafiye a Yola da Jimeta auna kowane mil kafin su tayar da mota. Ɗaya daga cikin tambayoyin da suka taso a wannan harka ita ce ko ya dace a ƙara ziyarar matsirgar Yadim, wato wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse a yankin Ƙaramar Hukumar Fufore, cikin jerin wuraren da ake kai baƙi, ko kuwa a bar ta sai wani lokaci.

Masu buƙatar irin wannan hidima ba kaɗan ba ne. Akwai baƙin da ke sauka a filin jirgin saman Yola don taro ko biki, da ma'aikatan bankuna da na ƙungiyoyin agaji, da ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama da na Jami'ar Amurka ta Nijeriya, ga kuma matasa masu yi wa ƙasa hidima. Yawancinsu kwana ɗaya ko biyu ne suke da shi, saboda haka duk wurin da aka ƙara a tsarin tafiya, wani wurin ne aka rage wa lokaci.

Tsarin da aka saba bi sananne ne. A kan fara da fadar Lamiɗon Adamawa a garin Yola, wanda Modibbo Adama ya kafa a 1841. Daga nan wasu kan nufi yamma ta Numan zuwa madatsar ruwan Kiri da aka gina a kan kogin Gongola a 1982 don ban-ruwan gonakin raken kamfanin sukari na Savannah, ko kuma su zarce Ruwan Zafi na Lamurde. Wasu kan bi hanyar Mubi su tsaya kallon duwatsun nan uku na Song. Masu dogon zango su ne ke hawa tsaunin Sukur a Madagali, wuri na farko a Nijeriya da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihi na duniya a 1999, ko su gangara kudu ta Mayo Belwa da Jada da Ganye zuwa Toungo, inda ɓangaren arewa na gandun dajin Gashaka-Gumti yake, wanda aka kafa a 1991 kuma shi ne mafi girma a ƙasar nan.

Yadim tana kudu da Yola, a gindin tsaunukan Verre. Kusancinta da babban birnin jiha shi ne ke jan hankalin 'yan kasuwa, domin a ido ziyarar kamar ba za ta ci komai ba. Sai dai matsirga ta bambanta da dutse ko fada ta fuskar da ta fi muhimmanci ga mai neman riba: hajarta ruwa ce, ruwan kuwa yana da lokacinsa.

Damina a yankin Yola kan kama daga watan Mayu zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Rafukan da ke gangarowa daga waɗannan tsaunuka ruwan sama suke dogara da shi, don haka a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, da yawa daga cikinsu kan ƙafe ko su koma ɗan siririn zare. Wanda ya karɓi kuɗin baƙo a bazara da alkawarin nuna masa ruwa mai zuba, ya sayar da abin da ba shi da tabbacin samu. A tsakiyar damina kuma, sa'ad da ruwan ya fi ban sha'awa, a lokacin ne hanyoyin karkara suka fi lalacewa, duwatsu suka fi santsi, rafi kuma kan cika farat ɗaya saboda ruwan da aka yi a can saman tsauni alhali ko yayyafi ba a gani ba a ƙasa. Mazauna Yola ba sa buƙatar a yi musu bayanin ƙarfin ruwa, ganin ambaliyar 2012 da ta 2022 da suka zo tare da sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, da kuma ta watan Yulin 2025 wadda ta yi sanadin rasa rayuka a unguwannin Yola ta Kudu.

Abin da ya rage shi ne ɗan tsakanin nan na ƙarshen damina da farkon kaka, daga wajajen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ruwa bai ja baya ba, ƙasa ta fara bushewa, hazon hunturu kuma bai rufe tsaunuka ba. Makonni ne ƙalilan, kuma a cikinsu ne ribar ziyarar matsirga take.

Lissafi na biyu shi ne na lokaci. Yini a wannan yanki sa'o'i 12 ne ko kusa da haka, kuma duk direban da ya san aikinsa yana son ya dawo da fasinjojinsa Jimeta kafin magariba. Ratse babbar hanya, da ajiye mota, da gaisawa da masu gari, da tafiyar ƙasa zuwa da dawowa, da ɗan zaman da baƙi za su yi a bakin ruwa, na iya cinye rabin yini cikin sauƙi. Ayari kuwa da tafiyar mafi rauni a cikinsa yake tafiya. Idan da dattawa ko ƙananan yara, lokacin sai ya ƙaru. Wannan ne ya sa bai kamata a liƙa Yadim a wutsiyar doguwar tafiya irin ta Toungo ko Sukur ba. Ta fi dacewa da a ba ta yininta, a tashi bayan sallar asuba, a juyo kafin la'asar.

Misalin wasu jihohi yana ƙara haske. Matsirgar Assop ta Jihar Filato tana daf da hanyar Jos zuwa Akwanga, ta Gurara a Jihar Neja kuma ba ta da nisa da hanyar Suleja zuwa Minna. Mai mota kan tsaya a irin waɗannan wurare ba tare da ya sauya tsarinsa ba, shi ya sa suka yi suna. Tazarar da ke tsakanin kwalta da bakin ruwa ita ce ke yanke farashi, fiye da kyan wurin.

Na uku shi ne kuɗi. Ban da man da za a ƙona, akwai lalacewar taya da ƙafar mota a kan hanyar burji, da ladan ɗan jagora, da ruwan sha da abinci, da kayan taimakon gaggawa. Bas mai kujeru 18 tana raba wannan nauyi a kan mutane da yawa, amma ƙasanta gajere ne. Mota mai jan ƙafa huɗu ta fi jure hanya, amma mutum biyar ko shida take ɗauka, don haka kuɗin kowane kai sai ya hau. Hanyar da ta fi tsare mutuncin ɗan kasuwa ita ce ya yanka wa ziyarar matsirga farashinta daban, ya kuma shaida wa baƙo tun kafin a biya cewa idan hadari ya haɗu ko hanya ta yanke za a fasa, a mayar masa da wannan kaso.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne tsaron rai. Arewacin jihar ya sha fama da hare-haren Boko Haram, har garin Mubi ya faɗa hannunsu a watan Oktoban 2014 kafin a ƙwato shi, yayin da wasu yankunan karkara na tsakiya da kudancin jihar suka fuskanci matsalar masu garkuwa da mutane a shekarun baya-bayan nan. Halin kowace hanya yana sauyawa, saboda haka labarin makon jiya ba ya wadatar da tafiyar yau. Wajibi ne a tuntuɓi hakimi ko dagaci da ofishin 'yan sanda na yankin kwana ɗaya kafin tashi. Haka nan ciyawar ƙarshen damina maɓoyar macizai ce, musamman kububuwa, wadda yawan saranta a wannan shiyya ya sa aka keɓe asibitin kula da saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gombe. Takalmi rufaffe da bin sawun jagora ba abin wasa ba ne. Ya kamata kuma a hana baƙi wanka a kududdufan da ruwansu ba ya gudu, don gudun kamuwa da tsargiya.

Akwai kuma haƙƙin masu wuri. Al'ummar Verre manoma ne, kuma hanyar zuwa ruwa takan ratsa gonaki a daidai lokacin da amfani ya nuna. Wasu duwatsu da kurmi na da matsayi a al'adar mutanen tsauni, wanda baƙo ba zai gane da ido ba. Ɗan kasuwar da ya ɗauki jagora daga cikin garin, ya daidaita lada a gaban mai gari, ya sayi abinci da itacen marmari a wurinsu, ya kuma kwashe ledojin da ayarinsa ya zubar, ya samu abokan hulɗa da za su riƙa sanar da shi halin ruwa da na hanya ta wayar salula kafin ya ƙona ko lita guda. Babu wata inshora da ta kai wannan araha.

Shawarar da lissafin ke bayarwa ita ce, mai shirya tafiya ya fara zuwa da kansa ya auna sa'o'in zuwa da dawowa, ya gwada da ƙaramin ayari na mutane masu ƙarfi a watan Oktoba ko Nuwamba, sannan ya sa Yadim a takardar tallarsa a matsayin ziyarar kaka kaɗai. Ga gwamnatin jiha da Ƙaramar Hukumar Fufore kuma, abin da masu wannan sana'a suka fi buƙata bai wuce kula da hanya, da allunan nuna hanya, da rajistar 'yan jagora na gari ba, domin da waɗannan ne makonnin ciniki za su iya tsawaita.