Tunanin da ke Faɗowa a Rai: Misali daga Kafanchan

Bahaushe yana bambanta "na tuna" da "ya faɗo mini a rai". A jimla ta farko mutum ne aikau. A ta biyu kuwa abin da aka tuna shi ne aikau, shi mutum riskarsa kawai aka yi. Wannan bambanci ya dace da bayanin Ebbinghaus na 1885, cewa akwai tunawa ta ganganci, akwai kuma wadda ke zuwa ba a kira ta ba. Nazarin Dorthe Berntsen na 1996 ya nuna cewa galibi wani abu ne a muhalli ke tayar da ta biyun, kuma mai daɗinta ta fi marar daɗi yawa.

A ɗauki Kafanchan, mahaɗar layin dogo tun 1927. An fi danganta garin da rikicin 1987, amma tsohon ma'aikacin reluwe, jiniya ɗaya ta isa ta dawo masa da tasha maƙil da fasinjojin Fatakwal da Jos. Haka ƙamshin citta yake mayar da 'yar Kwoi mazauniyar Legas gida, lokacin shanya. Sai dai tun da zirga-zirgar jirgi ta ja baya, abin da ke tayar wa dattijon da tunanin ya yi ƙaranci.