Saye da sayarwa a rana ɗaya: ka san irin asusun da kake riƙe da shi?

Matasanmu na Agege da Sabon Ibadan sun fara sayen hannun jarin kamfanonin Amurka ta manhajojin waya irin su Bamboo da Trove. Tambayar da ake yawan yi mini ita ce: in na saya yau, zan iya sayarwa yau? Amsar ta dogara ne da irin asusun da dillali ya buɗe maka, domin dokar Amurka ce ke aiki a kan wannan ciniki, ko da kana zaune a Legas.

Asusun iri biyu ne. Na farko shi ne asusun rance, wanda ake ce wa majin. A nan dillali kan ranta maka har rabin kuɗin abin da za ka saya, ya riƙe hannun jarinka jingina, kuma akwai kuɗin ruwa a kai. Wanda ke gudun riba, to ya kula da wannan tun farko. A 2001 aka kafa wa irin wannan asusu ƙa'ida: duk wanda ya saya ya sayar a rana guda har sau huɗu cikin kwanakin aiki biyar, sai ya ajiye aƙalla dala 25,000, in ba haka ba a taka masa birki. A watan Satumban 2025 hukumar gudanarwar FINRA, ƙungiyar da ke sa ido kan dillalan Amurka, ta amince a cire wannan sharaɗi, don haka ka duba sharuɗɗan dillalinka ka ga abin da yake bi yanzu.

Na biyu shi ne asusun kuɗi hannu. Wancan ƙa'ida ba ta shafe shi ba, amma shi ma da nasa tarko. Ɗan kasuwar Mile 12 ya san ciniki ya faɗa daban, kuɗi sun shiga aljihu daban. Tun 28 ga Mayun 2024, in ka sayar da hannun jari a Amurka, kuɗin ba sa tabbata naka sai ranar aiki ta gaba.

Ga misali. Kana da dala 500 tabbatattu. Ranar Litinin ka sayi hannun jarin Apple, ka sayar da yamma. Babu laifi. Ka ɗauki kuɗin nan take ka sayi na Tesla, shi ma yawanci an yarda. Amma in ka sayar da na Tesla ɗin kafin Talata, ka sayar da abin da ba ka gama biya ba kenan. A wajen dillalai da yawa, in ka yi haka sau uku cikin wata 12, za a taƙaita asusunka na kwana 90, ba za ka saya ba sai da kuɗin da suka riga suka tabbata.

Shawarata ita ce, kafin ka danna saye, ka shiga manhajar ka tabbatar da irin asusunka, ka kuma kalli adadin kuɗin da suka tabbata, ba jimillar da ke sama ba. In jarinka ƙarami ne, raba shi gida biyu: ka juya rabi yau, rabi gobe.