Dara: Tun A Wurin Zubi Ake Cin Wasa

A watan Maris na 2019 wani yaro ɗan Najeriya mai shekara 8, Tanitoluwa Adewumi, ya lashe gasar darar Turawa, wato ces, ta yara sa'o'insa a jihar New York ta Amurka, alhali shekara guda da 'yan kai ke nan da fara wasan. A irin wannan gasa, malamai kan dage wa yaro a kan buɗe wasa. Allon gida 64 ne, kowa da 'ya'ya 16, mai fari kuma yana da hanya 20 ta yin takun farko. Salon buɗewar har sunaye gare shi, akwai na Sisiliya, akwai na Faransa, duk an rubuta littattafai a kansu.

To jama'a, mu ma nan Tawa muna da tamu darar, wadda Zabarmawa ke kira dili. Daga cikin gari har Barmu da Afala, abin da take bukata yashi ne da inuwa. A tona gurbi 30, layi biyar na shida-shida, wannan ya ɗauki tsakuwa 12, wancan tsinke 12.

Kafin a fara turi sai an yi zubi, kowa yana ajiye ɗa guda bi da bi, kuma ba a yarda ka jera uku a lokacin ba. Nan ne gwani ke aikinsa. Yana neman tsarin da in an soma turi, ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin layi biyu, duk takun da ya yi ya cika uku, ya cire ɗan abokin wasa. Wanda ya bari aka kafa masa wannan tarko, sai dai ya zauna yana kallon 'ya'yansa na ƙarewa har su koma biyu. Shi ya sa za ka ga dattijo ya daɗe riƙe da tsakuwa bai ajiye ba, 'yan kallo na ta gunaguni.

Damuwarmu ita ce wannan ilimi a kan dattawa yake, yara kuwa hankalinsu ya koma kan wayar salula. Kokowa tana da fili da takobi da kuɗi. A ganinmu dara ma ta cancanci gasa tsakanin makarantun Adar, a zaunar da tsofaffin gwanaye su koya wa yara zubi, malamai kuma su zana shi a takarda.