Ɗaukar Inji a Motar Gida: Nauyi, Ɗauri da Takardu



Ma'aikacin gwamnati da injin motarsa ya buga yana da zaɓi biyu: ko a kwance injin a yi masa garambawul, ko kuwa a sayo wani tsoho mai sauran ƙarfi, irin wanda ake shigowa da shi daga Turai. Yawanci hanya ta biyu ake bi. Sai mutum ya ari motar abokinsa, ya ɗauki bakanike, su nufi Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ma Ladipo a can Legas. Ana gama ciniki sai ƙarti huɗu su cicciɓi injin su jefa a but, a rufe, a kama hanya. Wannan mataki na ƙarshe, wanda ba a ɗauke shi a bakin kome ba, a kansa nake so in yi magana.

Bari mu fara da nauyi. Injin ƙaramar mota mai silinda huɗu yakan kai kilo 120 zuwa 170, watau kimanin buhun siminti uku. Na mai silinda shida, ko na dizal, yakan kai kilo 200 ko ya haura. Abin da ƙaramar mota ke iya ɗauka kuwa, a haɗa da direba da fasinja da kaya, bai cika wuce kilo 400 zuwa 500 ba, kuma masu ƙera motar sukan rubuta adadin a littafinta ko a jikin ginshiƙin ƙofa. Wani zai ce ashe da sauran wuri. To, amma an yi wannan lissafi ne bisa zaton nauyin zai bazu a kan kujeru. Inji kuwa dunƙulallen ƙarfe ne, duk nauyinsa a wuri guda yake, kuma bayan tayoyin baya ake aje shi.

Fatakenmu da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun san wannan ilmi tun kafin a ƙera mota. Ba a aza wa jaki kaya a kan kuturi. Akan shimfiɗa akumari, a daidaita mangala dama da hagu, a sa nauyin a tsakiyar gadon baya. Mota ma haka take. Idan aka danne bayanta, gabanta zai ɗaga. Tayoyin gaba su ne ke juya mota, su ne kuma ke ɗaukar mafi yawan aikin birki, saboda haka in suka yi sakayau sitiyari zai riƙa yawo a hannu. Fijo 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, da tayoyin baya take ja, nauyin baya bai hana ta kama ƙasa ba. Amma yawancin ƙananan motocin da ma'aikata ke hawa a yau da tayoyin gaba suke ja, illar ta zama biyu ke nan. Da dare kuma fitilun sai su haska sama, su kashe wa mai tahowa ido.

Babban haɗarin dai shi ne tsayawar ba-zata. Tun a 1687 masanin nan na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana cewa abin da ke tafiya ba zai tsaya ba sai wani ƙarfi ya tsai da shi. Birki mota yake tsayarwa, ba ruwansa da abin da ke kwance cikin but. Ga misali da kowane ɗalibin kimiyya zai iya gwadawa da alƙalami: motar da ke gudun kilomita 50 a awa, in ta yi karo, injin da ba a ɗaure ba zai doki bayan kujera da ƙarfi irin na wanda aka sako daga tsayin mita 10, watau kusan bene mai hawa uku. In gudun ya kai kilomita 100, ba ninki biyu za a yi ba, ninki huɗu za a yi, tsayin ya kusa mita 40. Majinginar kujerar baya kuwa siririn ƙarfe ne da soso. Don haka zaunar da bakanike ko yaronsa a gidan baya, da inji a bayansu, ganganci ne tsantsa, balle a ce injin a kan kujerar yake.

To, yaya za a yi? Kafin a ɗaga injin, a juye baƙin man da ke ciki, wanda yakan kai lita 4, a tsiyaye ruwan da ya rage, a tabbata babu fetur a bututunsa, gama tururin fetur a rufaffiyar mota ga hawa kai, ga tada gobara. A toshe duk wata kafa da tsumma mai tsabta, musamman lokacin hunturu, don ƙurar da ta shiga silinda ita za ta ci fistin daga baya. In da giyabos a jiki, a raba su. A ɗaga da kacar gareji ta wurin ƙugiyoyin da aka yi wa injin don haka, kada a riƙe shi ta bututu ko waya.

Sa'an nan sai shimfiɗa, kuma nan ne aka fi yin sake. Inji kansa ya fi gindinsa nauyi, gindin kuma kaskon mai ne, siriri, ba a yi shi don zama a ƙasa ba. In na gorar ruwa ne sai ya tsage. In na ƙarfe ne sai ya lotsa, lotsawar kuma ta danne matatar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta, a ɗaura inji lafiyayye ya buga cikin mako guda, a koma ana zagin mai shago alhali ba laifinsa ba ne. Maganin wannan yana yashe a kowane gareji: tsohuwar taya. A shimfiɗa leda mai kauri, a ɗora katako a kanta, domin murfin ramin safaya ba zai iya da wannan nauyi ba, sa'an nan a kwantar da tayar, a zaunar da kaskon cikin raminta. Taya ita ce gammon inji. A tura shi har ya manne da bayan kujera, a tsakiya, kada a bar masa filin da zai ɗauki gudu, a cusa guntayen katako a gefe da gefe.

Game da ɗauri, robar cikin taya da 'yan acaba ke ɗaure kaya da ita ba ta da amfani a nan, domin abin da ke miƙewa ba ya riƙe ƙarfe. Igiyar leda ma tana saki. Abin da ya dace shi ne ɗamarar nan mai faɗi mai ƙugiya da abin tamkewa, guda biyu a gicciye, a maƙale a ƙarfen jikin mota sosai. Motar da ba ta da inda za a maƙala, a ganina ba motar ɗaukar inji ba ce. Haka kuma in injin na dizal ne, ko murfin but ya ƙi rufuwa, a yi hayar a-kori-kura. Kuɗin hayar bai kai na gyaran sifirin ba, balle na asibiti.

A hanya, a ƙara wa tayoyin baya iska gwargwadon abin da littafin motar ya nuna na cikakken lodi. A rage gudu, a ba motar gaba rata, a lallaɓa a wurin kwana da ramuka. Bayan kilomita 10 ko 15 a tsaya a taɓa ɗaurin, domin girgiza takan sa injin ya nutse cikin tayar, ɗamarar ta yi sako-sako. Tsakanin Kaduna da Kano, tafiyar da ta haura kilomita 200, dubawa ɗaya ba ta isa ba.

Saura takardu. Kowane inji yana da lamba da aka buga a jikinsa, kuma ɓarayin mota sukan farke ta su sayar gunduwa-gunduwa, shi ya sa ɗan sanda a shingen hanya yake da hujjar tambaya. Kada a bar shago sai da rasit mai ɗauke da sunan shagon, da kwanan wata, da lambar injin, mai saye kuma ya goge wurin da tsumma ya karanta lambar da idonsa, ya gwada da abin da aka rubuta. In daga waje aka shigo da shi, a nemi kwafin takardar kwastan. Bayan an ɗaura, tun da takardun motar tsohuwar lamba suke ɗauke da ita, sai a tafi ofishin lasin da rasit ɗin a gyara.